Yini Ɗaya a Gindin Dutsen Fuji: Abin da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ki Ɗauki Yara

Tun da na dawo daga Japan, duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa sai ta tambaye ni: "Kin kuwa ga dutsen nan mai farar hula da ake nunawa a hoto?" Na gan shi, amma da ƙyar. Shi ya sa na ce bari in rubuta miki yadda aka yi, ko Allah zai kai ki wata rana, ke kaɗai ko da maigida da yara.

Aikin jinya ne ya kai ni, wani kwas na 'yan makonni a kan lafiyar uwa da jariri. Asabar ɗaya tak muka samu ba aji, kuma kuɗin yawon daga cikin na tsaraba zan cire shi. Kwana biyu ina saƙa da warwara. Yara uku na baro wa babansu da Hajiyarmu, autan bai cika shekara uku ba, sannan in ɗauki kuɗin takalmansu in tafi kallon dutse? Hajiya ce ta raba gardama a waya. Ta ce, "Ke dai ki je ki gano mana. Takalmi ai yana nan a kasuwar Sabon Gari." Sai na biya.

Dutsen da tafkunansa

Fuji shi ne dutse mafi tsawo a Japan, mita 3,776, kuma yana da nisan kusan kilomita 100 daga Tokyo. Dutse ne mai aman wuta. Rabonsa da yin aman tun shekarar 1707, lokacin da tokarsa ta zuba har cikin birnin da ake kira Tokyo a yau. Mutanen ƙasar suna girmama shi matuƙa a addininsu da zane-zanensu, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ta arewacinsa akwai tafkuna biyar: Kawaguchi, Yamanaka, Sai, Shoji da Motosu. Narkakken dutsen da ya riƙa kwararowa a zamanin da ne ya tare hanyoyin ruwa har suka samu. Yamanaka ya fi faɗi, Motosu ya fi zurfi, Shoji ne ƙaraminsu. Kawaguchi ya fi sauƙin zuwa, don haka nan ne yawancin motocin yawon suke tsayawa. Kada ki ga an rubuta "tafkuna biyar" a talla ki ɗauka duka za a zagaya da ku. Mu ɗaya muka sauka a bakinsa, wani kuma ta taga muka hango shi.

Ki kuma sani yawon yini ɗaya ba ya kai mutum ƙolin dutsen. Hawan ƙoli yana da lokacinsa, daga farkon Yuli zuwa farkon Satumba, kuma yawancin masu hawa a hanya suke kwana. Iyakar inda mota take kaiwa shi ne wurin da suke kira Tasha ta Biyar, a tsayin kusan mita 2,300. Don ki gane tsayin nan, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, da kaɗan ya ɗara shi.

Yadda yinin ya kasance

A watan Nuwamba na je. Ƙarfe takwas na safe aka ce a haɗu a unguwar Shinjuku, kuma takwas daidai direba ya rufe ƙofa. Jagorarmu wata dattijuwa ce mai 'yar tuta a hannu, tana magana da Turanci a hankali. Tun kafin mu fita daga gari ta gaya mana cewa kamfani bai yi wa kowa alkawarin ganin dutsen ba, kuma ba a mayar da kuɗi saboda gajimare. Na leƙa taga, sama ta yi duhu kamar hadarin Agusta. Gabana ya faɗi, na tuna takalman yara.

Bayan kusan awa biyu muka fara hawa. Hanyar tana da kyau, sai dai kwana ce bayan kwana. A kujerar bayana akwai wata mata daga Indunusiya da ɗanta ɗan kimanin shekara huɗu, tun daga Tokyo yana kallon katun a waya. Ba mu yi nisa ba ya fara amai. Ba ta da leda, ba ta da kayan canji, ga mota ba ta tsayawa a tsakiyar hawa. Da yake hali zanen dutse ne, jakata ba ta rabo da leda da tishu mai danshi, na miƙa mata. Na roƙi jagora aka dawo da su kujerar gaba, na ce a kashe wayar, yaron ya riƙa kallon nesa ta gilashin gaba. Kafin mu isa ya lafa.

Muna sauka a Tasha ta Biyar sanyi ya mare ni. Na ɗauka na san hunturu, ashe ban san komai ba. Hazo ya rufe ko'ina, shagunan da ke gabana ma da ƙyar nake ganinsu. Ga ni a kan Fuji, amma babu Fuji babu alamarsa. Minti arba'in aka ba mu. Rabinsa ya tafi a layin banɗaki, sauran kuma na shige wani shago ina ɗumama hannuna da kofin shayi.

Daga nan muka sauko ƙauyen Oshino Hakkai, inda ake da ƙananan idanun ruwa guda takwas. Dusar ƙanƙarar da ta narke a kan dutsen ce take ratsa ƙasa shekaru masu yawa kafin ta ɓulɓulo a nan. Ruwan garai-garai yake, kina ganin kifi da tsakuwar ƙasa kamar ba ruwa a tsakani. Sai dai akwai cunkoso, kuma wasu bakin ruwan ba su da shinge mai tsawo. Mai ƙaramin yaro ta riƙe hannunsa gam.

Maganata a matsayin ma'aikaciyar jinya

Wannan ne sashen da na fi so ki karanta da kyau.

Sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6. Wato Tasha ta Biyar za ta iya fin Tokyo sanyi da digiri 14 ko kusa da haka, ban da iska. Jikin ƙaramin yaro yana saurin yin sanyi fiye da na babba. Ki sa masa riguna biyu ko uku a jere maimakon ƙatuwa guda ɗaya, da hula mai rufe kunne, da safar hannu da ta ƙafa. Cikin mota akwai ɗumi, sai ki rage masa. Za a sauka, ki mayar.

Sikila. Idan ke ko ɗanki kuna da amosanin jini, kada ki biya kuɗin yawon da ya haɗa da Tasha ta Biyar sai kin yi magana da likitanku. Sanyi, da ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsawo, da rashin shan isasshen ruwa, duk suna iya tayar da ciwon, kuma a can sukan haɗu gaba ɗaya. Akwai yawon da yake tsayawa a bakin tafkuna kawai, kuma daga nan ma aka fi ganin siffar dutsen. Haka mai juna biyu, musamman mai hawan jini ko ƙarancin jini, da mai asma, da mai ciwon zuciya, duk su fara neman shawarar likita.

Tsayi. Ko mai cikakkiyar lafiya za ta iya jin ɗan ciwon kai ko haki a can sama. Ki yi tafiya a hankali, ki hana yara guje-guje. Yaron da bai iya magana ba, abin da za ki gani shi ne rigima, ƙin cin abinci ko kasala. In hakan ta faru ki sanar da jagora nan take. Wajen saukowa kuma kunne yakan toshe. Ki ba jariri nono, manyan su riƙa kurɓar ruwa.

Amai a mota. Karin kumallo mara maiƙo, kujerar gaba, ba waya ba littafi. Ki riƙe leda biyu ko uku da cikakken kayan canji. Maganin hana amai kuwa kada ki ba ƙaramin yaro sai da izinin likita.

Abinci da salla

Abincin da yankin ya yi suna da shi sunansa hoto, wata taliya ce mai faɗi da ake dafawa da kabewa da ganye. Ido zai ce miki babu komai a ciki, amma sau da yawa ana sa naman alade, kuma girkin Japan yakan haɗa da wata giyar shinkafa da suke zubawa don ɗanɗano. Ki tambayi kamfanin tun ranar biyan kuɗi ko suna da tanadi ga Musulmi. Ni na zaɓi tikitin da ba abinci, na tafi da dafaffen ƙwai, ayaba, dabino da gyaɗa.

Kada ki ce za ki taho da kilishi ko dambun nama daga gida. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi ba tare da takardar hukuma ba, suna bincike a filin jirgi, kuma akwai hukunci.

A Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, ga tsarin yawon ba ya ware lokacin salla. Na yi alwala a masauki, na sa safa, na ɗauki ƙaramar darduma. Lokacin da sauran suka shiga cin abinci, ni da matar nan 'yar Indunusiya muka nemi gefe, muka duba alƙibla a waya, muka haɗa Azahar da La'asar. Babu wanda ya ce mana uffan. Ki riƙe 'yan tsabar kuɗi saboda wasu banɗakuna, da ledar da za ki zuba shararki, don kwandon shara yana da wuyar gani a ƙasar.

Da jagora ko ke da kanki?

Amfanin jagora a fili yake: ba ruwanki da neman jirgin ƙasa, ko karanta allon da ba ki iya ba, ko fargabar ɓata. Abin da za ki rasa shi ne ikon lokacinki. Yini ne na kusan awa goma, rabinsa a zaune, kuma idan aka ce a dawo mota ƙarfe kaza, ba a jiran mai canza wa jariri kunzugu. Ranar Asabar da Lahadi hanyar komawa Tokyo takan cushe, tafiyar awa biyu ta zama uku ko fiye.

A ganina, idan yaranki sun kai shekara shida zuwa sama, jagora ya fi. Idan kina da goyo, gara ku hau motar da take zuwa Kawaguchi kai tsaye daga Shinjuku, ku yini a bakin tafki a natse. Ki karanta jerin wuraren da za a tsaya kafin ki biya. Wasu sukan haɗa da hasumiyar Chureito, wadda sai an taka matakala kusan 400. Sannan ki zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu aka fi samun sama garau, musamman da safe. A Yuni da Yuli, lokacin damunarsu, dutsen yakan yi kwanaki a ɓoye. In da hali, ki duba hasashen yanayi kafin ki tsayar da rana. Ni ban samu wannan zaɓin ba.

A bakin Kawaguchi

Wajen ƙarfe uku da rabi muka isa tafkin, zangonmu na ƙarshe. Ganyen itatuwa ya yi jajawur, ruwa ya kwanta luf, amma inda jagora ta nuna ta ce nan dutsen yake, gajimare ne kawai. Na riga na haƙura. Na zauna a kan benci ina lissafin abin da ya rage na tsaraba.

Ihun mutane ne ya sa na ɗago. Gajimaren ya tsage daga sama, farin ƙolin ya fito, kuma ya fi inda nake ta zuba ido tsawo nesa ba kusa ba. A hankali kafaɗunsa suka bayyana, inuwarsa ta kwanta a cikin ruwa. "Subhanallah" kawai nake maimaitawa.

Japan ta riga mu da awa takwas, don haka a Kano ƙarfe bakwai da rabi na safe ne. Na kira gida ta bidiyo, na juya musu wayar. Babbar ta yi shiru tana kallo. Na tsakiyan ya ce, "Umma, ya fi Dala?" Autan kuwa ko kallon dutsen bai yi ba, fuskata yake nema, yana tambaya yaushe zan dawo. Hajiya ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ikon Allah. To ki rufe kunnenki, na ga iska."

Bai fi minti goma sha biyar ba gajimaren ya koma, jagora ta ɗaga tutarta. Takalman kuwa, sati biyu da dawowata muka shiga Sabon Gari na saya musu.

Ke fa, 'yar uwa, kin taɓa doguwar tafiyar mota da ƙananan yara? Wace dabara ce ta fisshe ki?