Tsofaffin Fijo a Damagaram: Yadda ake gane ainihin girman inji

Duk wanda ya san tashoshin motar Damagaram a shekarun 1980 zuwa 1990, ya san babu motar da ta yi tashe kamar Peugeot, wadda muka fi sani da Fijo. Ƙirar 404 da 504, salun da wagon da akori-kura, su ne suka riƙa jigilar jama'a da buhunan gero da wake da gyaɗa tsakanin birnin Zinder da Mirya da Magarya da Matamai da Tanut, har zuwa Daura da Kano. A yau motocin Toyota sun karɓe yawancin hanyoyin, amma ragowar tsofaffin Fijo ba su gama ƙarewa ba, ana sayar da su, ana kuma saye.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Mai sayarwa zai dafa bonet ya rantse cewa injin mai lita biyu ne, takardar motar ta faɗi wani abu daban, sai an je gareji an kwance a tarar da na uku. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin yadda ake tabbatar da girman inji, ba tare da dogara ga bakin dillali ba.

Me ya kawo wannan cakuɗa?

Fijo ɗin da suka cika ƙasar Damagaram ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Akwai waɗanda Turawa 'yan yawon buɗe ido suka riƙa tuƙowa daga Faransa a shekarun 1970 da 1980, su ratso Sahara ta Tamanraset da Arlit da Agadas, su sayar da motar a Nijar su hau jirgi su koma gida. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, saboda rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa. Akwai kuma waɗanda aka harhaɗa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har 2006. Sannan ga 'yan Kwatano, motoci da injuna da aka sauke a bakin teku bayan sun gama aiki a Turai.

Motar da ta shekara 40 tana dakon kaya a rairayi, da wuya a ce injinta na farko ne ke ciki. Idan inji ya buga, mai mota ba ya neman irinsa sak, wanda ya samu daidai kuɗinsa shi zai ɗora. Kuma injunan fetur na 404 da 504 'yan gida ɗaya ne. Dukkansu silinda huɗu ne, bulok na ƙarfe, kan inji na alminiyam, an kuma kwantar da su a karkace. Wanda ya leƙa da ido kawai zai yi zaton duk ɗaya ne.

Suna da takarda ba su isa shaida ba

Da farko, lambar da ke manne a bayan mota ba girman inji take nufi ba. A wajen Mercedes ta wancan zamani, 200 ko 230 na nuna kusan lita 2 ko lita 2.3, amma 404 da 504 sunan ƙirar mota ne kawai. An fito da 404 a 1960 da inji mai cc 1618, wasu kuma aka sa musu ƙarami mai cc 1468. Ita 504 ta fito a 1968 da cc 1796, a 1970 aka ƙara mata mai cc 1971, wato wanda ake kira lita biyu, sannan akori-kurarta ta zo har da mai cc 1618. Banda masu shan gas, da suka haɗa da cc 1948 da 2112 da 2304.

Na biyu, takardar mota a Nijar ta bi tsarin Faransa, inda ake rubuta ƙarfin mota da dawakin haraji, wato CV. A tsohon lissafin Faransa, cc 1468 doki 8 ne, cc 1618 doki 9, cc 1796 doki 10, cc 1971 kuma doki 11. Waɗannan dawaki na biyan kuɗi ne ba na ja ba, domin injin lita biyu da aka rubuta wa doki 11 yana fitar da ƙarfin dawaki sama da 90. Bugu da ƙari, takardar tana bayanin motar ne kamar yadda take a ranar rajista, ba ta san abin da makanikai suka yi daga baya ba. Haka nan farantin da kamfani ya liƙa a jikin mota, shi ma labarin injin farko yake bayarwa.

Abin da ya fi su kusa da gaskiya shi ne haruffa da lambar da aka buga a jikin bulok. Peugeot ta raɗa wa injunan suna: XB shi ne 1468, XC 1618, XM 1796, XN kuma 1971. Sai dai tsatsa da baƙin mai sukan cinye lambar, wani lokaci kuma da gangan ake goge ta.

Awo shi ne raba gardama

Mutanen Damagaram, waɗanda ayarin raƙuma daga Tarabulus ke yada zango a garinsu tun zamanin Sarki Tanimu, sun san mai sayen raƙumi ko doki ba ya tsayawa ga shekarun da mai dabba ya faɗa, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Inji ma yana da nasa haƙoran guda biyu: faɗin silinda, da tsawon tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama. Girman inji shi ne jimlar gurbin da fistin ke sharewa a dukkan silinda, kuma cc 1,000 ne lita ɗaya.

Ga yadda injunan fetur ɗin suke, a ma'aunin milimita. Mai cc 1468, faɗi 80, tafiya 73. Mai cc 1618, faɗi 84, tafiya 73. Mai cc 1796, faɗi 84, tafiya 81. Mai cc 1971, faɗi 88, tafiya 81.

Idan mai karatu ya lura, zai ga kowane inji ya yi tarayya da maƙwabcinsa a awo ɗaya. Wanda ya auna faɗi kawai ya sami 84, bai san ko 1618 ne a gabansa ko 1796 ba. Wanda kuma ya auna tafiya kawai ya sami 81, bai raba 1796 da 1971 ba. Wannan shi ne tarkon da ke kama har ƙwararru, domin awo ɗaya rabin amsa ne.

Tafiyar fistin ana iya auna ta ba tare da kwance inji ba. A cire kan batir, a kwance fulogi, a zura siririn ƙarfe miƙaƙƙe mai tsabta har ya taɓa fistin. Sai a juya inji da sifana a hankali, a yi alama inda ƙarfen ya ƙure a sama, a sake yin alama inda ya ƙure a ƙasa. Tazarar alamun biyu ita ce tafiyar. Ko da awon bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba, bambancin milimita 8 tsakanin 73 da 81 ba ya ɓuya. Wannan dabara ba ta aiki a injin gas, shi sai an buɗe.

Faɗin silinda kuwa sai an ɗaga kan inji, wanda makanikai ke kira tof, a auna bakin silinda da ma'aunin ƙarfe mai nuna milimita. A nan akwai gargaɗi babba. Silindar waɗannan injuna silif ne da ake zurawa a bulok, ruwan sanyaya inji na kewaye da shi. Idan aka juya inji bayan an cire tof ba tare da an danne silif ba, zai motsa, abin toshe ruwan da ke gindinsa ya saki, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Garin neman gira sai a rasa ido.

Da an sami awo biyun, lissafin ko a wayar hannu ana yin sa. A ninka faɗi da faɗi, a ninka da tafiya, a ninka da 0.7854, a ninka da yawan silinda, a raba da 1,000. Misali, 88 sau 88 ya ba da 7,744. Sau 81 ya zama 627,264. Sau 0.7854, sau 4, a raba da 1,000, sai a sami kusan 1,971.

Me ya sa sai an sha wannan wahala?

Dalili na farko shi ne kayan gyara. Daga Zinder zuwa Kano tafiyar sama da kilomita 200 ce, ga ƙetare iyaka, ga canjin sefa zuwa naira. Mutumin da ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo fistin da zobe da gasket na faɗi 88, ya dawo ya tarar injinsa 84 ne, ya yi asarar kuɗi da kwanakin aiki, iyalinsa kuma da wannan mota suke ci.

Na biyu, kuɗin harajin shekara da na inshora suna bin dawakin da ke takarda. Mai ƙaramin inji da takardar babba yana iya biyan abin da ba nasa ba, mai babban inji da takardar ƙarami kuma yana iya shiga jayayya da kamfanin inshora ranar da tsautsayi ya afka.

Na uku, lodi. Wanda ya ɗauka lita biyu yake tuƙawa alhali cc 1618 ne, zai labta kayan da suka fi ƙarfin injin, ya kama hanyar Tanut a tsakiyar bazara, inji ya yi zafi, gasket ya ƙone a inda babu gari kusa.

Shawararmu ga mai niyyar saye ita ce, ya tafi da makanikinsa, ba na mai sayarwa ba. A wanke bulok a karanta lamba, a auna tafiyar fistin a gaban kowa, idan kuma ciniki ya rataya a kan cewa lita biyu ne, a yi sharaɗin ɗaga tof kafin a kammala biya. Mai gaskiya ba zai ƙi awo ba. Wanda kuma ya sauya inji, ya kyautu ya je ofishin sufuri a gyara masa takarda, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya, domin ciniki da ɓoye aibi ba ya albarka. Allah ya kiyaye hanya.