Siraran jiragen ruwa na Ingila: abin da ya kamata mai saye da mai tuƙi su sani

Tsadar hayar gida a Landan da wasu manyan biranen Birtaniya ta sa mutane da dama sun koma kwana a kan ruwa, cikin wasu siraran jiragen ƙarfe da ke bin hanyoyin ruwan da aka haƙa fiye da shekaru 200 da suka wuce. Wasu kuma hayar jirgin suke yi na mako guda domin hutu. Mai kallo daga gaɓa fenti mai ƙyalli yake gani, da tukwanen furanni a kan rufi, da hayaƙi yana tashi daga bututun murhu. Amma abubuwan da ke cinye dukiyar mai jirgi, wani lokacin har da ransa, suna ƙarƙashin ruwa ne, ko ƙarƙashin daɓe, ko cikin iskar da yake shaƙa.

Asalin hanyoyin da girman jirgin

Mutane ne suka haƙa waɗannan hanyoyi, kamar manyan magudanan noman rani da ke kai ruwan dam ɗin Tiga zuwa gonakin Kadawa, sai dai su domin dakon kaya aka yi su. Hanyar Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761 domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta, ita ce ta zama abin koyi, kuma injiniya James Brindley na cikin waɗanda suka yi aikinta. A wancan zamani dawakai ne ke jan jiragen daga gaɓa. Jirgin ƙasa ya zo ya kwashe cinikin, manyan motoci suka ƙarasa, sannan hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan tsawon makonni, ya kusan kawo ƙarshen dako gaba ɗaya. Masu sha'awa ne suka ceto hanyoyin, musamman ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946. Tun daga 2012, gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales.

Da yake ruwa ba ya hawa tudu, inda ƙasa ta tashi sai a gina ɗakin ruwa mai ƙofofi gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ya tashi sama, ko a zubar da ruwan ya sauka. A yawancin hanyoyin tsakiyar Ingila faɗin ɗakin ƙafa 7 ne kawai, tsawonsa kuma kimanin ƙafa 72. Wannan ne ya sa faɗin jirgin ba ya wuce ƙafa 6 da inci 10. A arewacin ƙasar akwai ɗakunan da suka fi gajarta, don haka wanda ke son ya zaga kusan ko'ina yakan nemi jirgi mai tsawon ƙafa 57 ko ƙasa da haka.

Takardun da ake bukata

Abu uku ake nema kafin jirgi ya zauna a ruwan gidauniyar: lasisi, da inshorar da za ta biya ɓarnar da aka yi wa wani har fam miliyan 2 aƙalla, da takardar shaidar lafiyar jirgi ta tsarin Boat Safety Scheme, wadda ake sabuntawa duk shekara 4. Takardar ta shafi gas da lantarki da mai da murhu ne. Ba ta ce komai a kan kaurin ƙarfen jirgi ba, kuma a nan masu saye da yawa ke ruɗuwa.

Sai batun wurin ɗaure jirgi. Ko mutum ya biya kuɗin mazauni na dindindin, ko ya yi rajista a matsayin mai yawo. Dokar 1995 ta ce mai yawo ba zai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, kuma ana sa ran tafiyarsa ta zama ta gaskiya, ba kai-komo tsakanin gadoji biyu ba. Mai aiki a wuri ɗaya ko mai 'ya'ya a makaranta ya kamata ya auna wannan sharaɗi tun kafin ya biya kuɗin jirgi.

A sayi ƙarfe, fenti ya biyo baya

Galibin jiragen zamani ana ƙera su da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 ko 5 a ɗakin sama. Tsatsa tana cin ƙarfen daga waje, musamman daidai bakin ruwa inda iska da ruwa ke haɗuwa, tana kuma cinsa daga ciki idan ruwa ya kwanta ƙarƙashin daɓe. Saboda haka kada a biya kuɗi sai an fito da jirgin daga ruwa, an wanke shi, ƙwararren mai bincike ya auna kaurin ƙarfen da na'ura wuri-wuri. Mai saye ne zai ɗauko shi ya biya shi, domin rahoton da mai sayarwa ya miƙo yana iya zama na shekarun baya. Idan ƙarfen ya sirance, sai an yi waldar sabon faranti a kan tsohon, aikin da ke cin kuɗi, yana kuma ƙara wa jirgi nauyi har ramukan da ke gefensa su matso kusa da ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kulawar da ba a tsallakewa

Duk shekara 2 zuwa 3 ana fito da jirgi a kankare gefensa a shafe shi da baƙin fenti mai kwalta. Fentin ifoksi ya fi tsada amma ya fi daɗewa, muddin an goge ƙarfen tas kafin a shafa. A lokacin ne ake duba dunƙulen magniziyam da ake mannawa a jikin jirgi gaba da baya. Aikinsu su lalace a madadin ƙarfen jirgin, don haka idan sun ci sosai sai a ƙara sababbi, kuma ba a yi musu fenti. Jirgin da ke jona wutar lantarki daga gaɓa yana bukatar na'urar da ke katse ƙaramar wutar da ke bi ta wayar ƙasa tsakanin jirage, domin ita ma tana huda ƙarfe a ɓoye.

Akwai ayyukan kullum. Sandar da ke juya farfela ta ratsa bayan jirgi ne ta shiga ruwa, kuma a yawancin jirage giris ne da igiyar toshi ke hana ruwa biyo ta. A ƙarshen tafiyar kowace rana a murɗa matsin giris ɗin har ya yi tauri, a kuma tabbata famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi yana aiki. A saman farfela akwai wata ƙofa da ake buɗewa a cire leda da igiya da ciyawar da suka naɗe ta. Kafin a sa hannu a kashe injin, a zare makulli a sa a aljihu. Bayan an gama a ɗaure murfin da kyau, domin farfela tana watso ruwa ta nan, kuma jirage sun nutse saboda murfin da aka bari sako-sako.

Injin dizal ne, ba shi da wuyar sha'ani. A duba mai da ruwa da fambel kowace safiya, a canza mai da filta bisa sa'o'in da kamfanin injin ya ƙayyade, wanda galibi yake kusan sa'a 250. Tankin da ya kwana rabi a lokacin sanyi yana yin gumi daga ciki, ruwan ya kwanta ƙarƙashin mai, ƙwayoyin cuta su hayayyafa su zama kauci mai toshe filta. Cika tanki kafin hunturu yana rage wannan.

Tuƙi: jirgin da ba shi da birki

Iyakar gudu a yawancin hanyoyin mil 4 ne a sa'a, kamar saurin mai tafiya a ƙasa. Idan igiyar ruwa ta fara dukan gaɓa, an wuce kima. Kusa da jiragen da ke ɗaure kuwa sai a rage wuta sosai, domin jan ruwa yana tumɓuke turakunsu. Idan jirage biyu suka haɗu kowa hannun damansa yake bi, saɓanin titunan Birtaniya.

Da sanda ake tuƙi daga baya. A tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama. Jirgin yana juyawa ne a kan tsakiyarsa, wato idan goshi ya yi dama, baya zai yi hagu, don haka a bar masa fili a kwana. Ba ya jin tuƙi sai farfela na tura ruwa, kuma da baya kusan ba ya ji sam. Tsayawa sai an sa giyar baya tun da nisa, domin tan 15 ko fiye na ƙarfe ba ya tsayawa nan take. Direba ya tsaya gaban sandar, ba gefenta ba, domin idan allon tuƙi ya bugi wani abu a ruwa sandar tana iya share mutum ta jefa shi kusa da farfela. Idan wani ya faɗa ruwa, abu na farko shi ne a cire giya. Yara da waɗanda ba su iya iyo ba su sa rigar kariya.

Ɗakin ruwa, inda haɗari ya fi yawa

A ƙarƙashin ƙofofin sama akwai dakali na dutse ko siminti da ruwa ke rufewa idan ɗaki ya cika. Mai sauka ya matsar da jirgi gaba da farin layin da aka zana a bango. In ba haka ba, bayan jirgi zai hau dakalin, ruwa ya janye, goshi ya nitse cikin 'yan mintuna. Kada a ƙulle igiya a turke yayin sauka, domin jirgi zai rataye. Mai hawa kuma ya buɗe mashigar ruwa a hankali, ya fara da ta ƙasa kafin ta jikin ƙofa, don kada ruwa ya zubo cikin goshin jirgi. Wanda ke murɗa mashigar ya zuba wa direba ido. Da an ga abin da ba daidai ba, a rufe dukkan mashigai nan da nan, sannan a yi shawara. Kada a bar hannun murɗawa a maƙale, domin idan sakata ta kuɓuce yana juyawa da ƙarfin da zai karya haƙori ko hannu. Bayan fita a rufe ƙofofi da mashigai, saboda ruwan da ya zube daga tudu ba ya dawowa.

Kowane ɗaki yana cin kimanin minti 15, kuma wasu wuraren jere suke: 30 a Tardebigge, 29 a Caen Hill kusa da Devizes. Mai tsara tafiya ya ƙirga ɗakuna tare da mil, ya kuma duba sanarwar gyare-gyare, domin daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe sassa da dama.

Shirya cikin jirgi

Wasu kan sayi ƙwarya da injin kawai su ƙarasa cikin da kansu. Tsarin aikin yana da muhimmanci. Da farko a jera tubalan nauyi a ƙasa yadda jirgi zai zauna daidai, ana la'akari da cewa murhu da batura da tankuna za su karkatar da shi idan suka taru a gefe guda. Sai a fesa kumfar hana sanyi a kan kowane ƙarfe, domin duk inda aka bari tsirara zai yi gumi ya ruɓar da katakon da ke kansa. Daga nan wayoyi da bututu, kafinta ya zo a ƙarshe. A bar murfi a daɓe, musamman ta baya inda ruwa ke gangarawa, da ƙofofin da za a kai ga kowane mahaɗin bututu. Kabad mai kyau da ya rufe famfo, wata rana sai an fasa shi.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo a gida yana iya fita ta ƙarƙashin ƙofa, amma jirgi kamar ƙwarya yake, a ƙasa gas zai taru ya jira tartsatsi. Shi ya sa tukwanen gas ke zama cikin akwatin ƙarfe mai ramin da ke zubarwa waje, kuma ƙwararre mai rajista ne ya kamata ya haɗa bututun. Murhun itace ko kwal yana bukatar tazara da allon da ba ya cin wuta tsakaninsa da katako, da sharar bututu a kai a kai.

Babban makashi shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fitowa daga murhu mai toshewa, da janareta, da hayaƙin injin, har da tokar da ba ta mutu ba. Tun watan Afrilun 2019 tsarin Boat Safety Scheme ya wajabta na'urar ƙararrawar wannan iska a jiragen da ake zama cikinsu. Kada a toshe ramukan shan iska na ƙofa da rufi komai sanyi, kada kuma a kunna janareta a cikin jirgi ko ƙarƙashin rumfarsa.

Wutar jirgi daga batura masu bolt 12 take, waɗanda injin ko farantin sola ke caji. A lissafa abin da firji da fitilu da famfuna ke ci a yini kafin a sayi batir. A raba batirin tayar da injin da na amfanin gida, kuma a san cewa rana ba ta wadatar da sola a hunturun Ingila. Bayan gida kuwa iri biyu ya fi yawa: mai ƙaramin akwati da ake ɗauka a zubar a wuraren da aka tanada, da mai babban tanki da ake biya a zuƙe. Na farko ya fi sauƙi idan ƙanƙara ta hana jirgi motsi.

Wanda bai taɓa kwana a jirgi ba, shawarar da masu jirage suka fi bayarwa ita ce ya fara da haya, kuma a watan sanyi, lokacin da zai ɗebo ruwa ya ɗauki buhun kwal ya murɗa mashigai cikin yayyafi. Idan har ya dawo yana so, sai ya ware kuɗin bincike da na gyaran shekarar farko kafin ya taya jirgi. Tun ran gini ran zane.