Taura Biyu a Baki Ɗaya: Ɗan Tarminal da Burin Zama Likita a Damagaram

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni ko Zango bayan sallar isha'i a watan Afrilu ba zai rasa ganinsu ba. Baƙin allo jingine da bango, fitilar sola rataye a ƙusa, samari huɗu ko biyar a kan benci, ga butar shayi gefe tana tafasa a kan gawayi. Daga nesa sai ka ɗauka fada ce ta hira. Sai ka matso ka ga abin da ke jikin allon: lissafin gadon halitta, wato an haɗa ƙuda mai jan ido da mai farin ido, ana neman yadda jikokinsu za su fito. Ƴan tarminal D ne, wato ajin ƙarshe na lise, ɓangaren kimiyya. In ka tambaye su abin da suke son zama, mafi yawansu amsa ɗaya ce: likita.

Ba za ka ga laifinsu ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, mutum fiye da miliyan uku da rabi, kuma ƙasar baki ɗaya ba ta da ko likita ɗaya ga kowane mutum dubu goma. Yaron da ya taɓa kwana jinyar mahaifiyarsa a Babban Asibitin Zinder ya ga wannan gibi da idonsa. A da, mai son karatun likita sai ya ɗaura kaya ya nufi Yamai, kusan kilomita 900, ko ya fita waje. Yanzu jami'ar da aka buɗe a Zinder a 2010, wadda ke ɗauke da sunan masanin tarihin Damagaram André Salifou, tana da tsangayar kimiyyar lafiya a nan gida. Ƙofa ta matso kusa, amma ba ta yi faɗi ba.

Kowace ƙasa da irin shingen da take sa wa wannan ƙofa. A Amurka sai ɗalibi ya yi digirin farko, yana cikin yi kuma yana shirin wata doguwar jarrabawa mai suna MCAT, wadda ake wuni ana yinta. A Nijeriya akwai jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400, kuma mai neman likitanci ya san sai ya yi wa sauran fintinkau. Faransa, wadda muka gaji tsarin makarantunmu daga gare ta, ta ƙayyade yawan masu wucewa a karatun likita tun 1971, ba ta sauya wannan ƙa'ida ba sai a 2020. Mu a nan babban shingen shi ne bak, jarrabawar kammala lise. Cin ta kaɗai aiki ne: a 2021 ko kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka zauna ba su haye ba. Mai son likitanci kuwa 10 bisa 20 ba ta kashe masa ƙishirwa, don gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma makin halitta da fizik da shimi da lissafi ne ke yin magana a madadinsa.

A nan ne yara ke faɗawa tarko. Suna ganin kamar karatu biyu ne a kansu: na aji, mai dabuwar da jarrabawar zango da mushe mai kiran suna, da kuma na bak, wanda ake yi da dare a bakin allo da tsofaffin tambayoyin shekarun baya. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, sai yaro ya tofar da ɗaya. Wadda yake tofarwa kuwa kusan kullum ita ce ajin.

Na ga haka a gidanmu. Ɗan ƙanwata, yaro mai kai, ya shiga tarminal da ƙarfinsa. Kafin watan Janairu ya fara tsallake darasin falsafa da na tarihi, wai ba su da nauyi. Daga nan ya koma kwana bakin allo har ƙarfe uku, ya je aji yana gyangyaɗi. Wata safiya na tarar da shi a zaure, kaye a buɗe bisa cinya, ido ya yi jawur.

"Kai, jiya me ka karanta?"

"Kawu, babin jijiyoyi na gama shi kaf. Sau huɗu na bi shi."

"To rufe kayen. Faɗa mini yadda saƙo ke tsallakawa daga wannan jijiya zuwa waccan."

Ya buɗe baki, ya fara, ya tsaya. Ya ce, "Wallahi Kawu na san shi, in na gani zan gane." Na ce masa ranar bak ba gani za a ba shi ya gane ba, farar takarda za a miƙa masa.

Abin da ya same shi masana sun daɗe da auna shi. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, yana duba abin da ya rage masa bayan sa'a, bayan kwana, bayan wata. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta rage sauri. Ya kuma gano cewa abin da maimaici 68 a zama ɗaya ya ba shi, maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya ba shi daidai da shi. Wato kusan rabin wahalar. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta karantawa suna maimaitawa, wasu suka karanta sau ɗaya aka karɓe takardar, aka riƙa sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaicin ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu gwada kansu sun riƙe kusan kashi 61, masu maimaici kashi 40. Abin dariyar shi ne masu maimaicin su ne suka fi tabbacin ba za su manta ba.

Ni dai da na karanta wannan, makarantar allo ce ta faɗo mini a rai. Ƙasar Damagaram ƙasar alarammomi ce, kuma babu gardin da ya taɓa haddace Alƙur'ani da zuba wa allo ido. Ana rubuta ɗan abin da za a iya ɗauka, a biya, a juya allo a kawo hadda a gaban malam, sannan a wanke. Wanda aka wanke ma ba a sallame shi ba, ana komo masa da tilawa dare da asuba, shekara da shekaru. Kaɗan-kaɗan, kullum, kuma da ka. Ɗan bokon da ya fito daga wannan gida ya san hanyar tun yana yaro, amma da ya riƙe biro sai ya ajiye ta a bakin ƙofar lise.

In aka bi wannan hanya, taurar ta koma ɗaya. Darasin da mushe ya bayar da safe shi ne na bak, babu wani na daban da aka ɓoye. Yaro ya dawo, da yamma ya rufe kaye ya rubuto darasin da ka a takarda, ya buɗe ya ga inda ya yi tuntuɓe. Bayan kwana biyu ya sake, bayan mako ya sake. Tsofaffin tambayoyin bak ba sai an jira Mayu ba: an gama babi a Nuwamba, a nemo tambayarsa a Nuwamba, a sa agogo, a yi ta kamar gaske. Dabuwar da yake gudu ita ce gwajin kyauta. Amfanin allon lungu kuwa yana ga mai riƙe da alli. Wanda ke zaune yana gyaɗa kai da kofin shayi a hannu ɗan kallo ne, don haka allin ya zagaya. Falsafar da ake rainawa kuma tana shiga lissafin jimilla, kuma maki 5 a cikinta yana iya cinye ribar da aka sha wuya aka samo a lissafi.

Sai batun barci, wanda yara ke ɗauka ragwanci ne. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya yi karatun awa shida ya kwanta awa uku ya zuba ruwa ne a tulu mai tsaga. Shayi mai kauri da ƙwayoyin hana barci da ake saye a tebur suna buɗe ido ne kawai.

Ba na cewa duk laifin na yara ne. Ana buɗe makarantu a Oktoba, a yi bak wajen Yuni ko Yuli, kuma watannin da aiki ya fi tsanani su ne Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki ya gagari zama, wuta ta riƙa ɗaukewa. Shekarar da yajin aiki ya ci makonni, babukan ƙarshe a guje ake bi ta kansu, wani lokaci ma ba a kai gare su. Wannan ma dalili ne na kada a bar komai sai ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ƴa mace. Ba ta zuwa allon lungu da dare. Ta dawo daga lise ga tukunya, ga wanke-wanke, ga ƙanne. Zinder kuwa kowa ya san halinta da ruwa. In famfo ya kawo cikin dare, ita ake tasa ta jera jarkoki. Sannan a zo ana mamakin yadda makinta ya sauka a zango na biyu. Alhali matan ƙauyukan Mirriya da Magariya da Matamaye, waɗanda da yawansu ke jin nauyin bayyana ciwonsu ga namiji, ita suke jira ta zama likita, kuma ko ta samu shiga karatun likitan akwai aƙalla shekara bakwai a gabanta.

Iyaye, wata tara ne kacal daga Oktoba zuwa Yuni. In akwai ɗan tarminal a gidanku, mace ko namiji, ku ɗauke masa tallan yamma da aiken kasuwar Dole, ku raba aikin ruwa tsakanin sauran yara, ku saya masa fitila mai riƙe caji. Ƙarfe goma sha ɗaya in ta yi, ku leƙa ku ce ya rufe kaye ya kwanta.