Tsoro ko lissafi: Abin da ke hana manyan 'yan damben boksin karawa da juna

A ranar 14 ga Disambar 1992, a gaban 'yan jarida a birnin Landan, Riddick Bowe ya ɗauki koriyar ɗamarar kambun hukumar WBC ya jefa ta cikin kwandon shara. Wata guda kafin nan ya doke Evander Holyfield, ya zama zakaran duniya ajin masu nauyi da kambu uku a hannunsa. WBC ta umarce shi ya kara da Lennox Lewis na Birtaniya, mutumin da ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu. Bowe ya gwammace ya rabu da kambun.

Har yau masu bibiyar dambe na kawo wannan labari a matsayin hujjar cewa zakaru na gudun abokan karawa. Sai dai ɓangaren Bowe na da nasa bayanin: sun ce sun yi tayi, Lewis ne ya ƙi. Tayin kuwa shi ne Bowe ya kwashe kashi 90 cikin 100 na kuɗin wasan, Lewis ya tashi da kashi 10. A nan ainihin lamarin yake. Da wuya ɗan dambe ya fito fili ya ce ba zai kara da wane ba. Farashi yake yankawa wanda ya san ba za a saya ba, sa'annan ya shaida wa duniya cewa shi a shirye yake.

Gida huɗu, babu maigida

A ƙwallon ƙafa hukuma ce ke fitar da jadawali, kuma ƙungiyar da ta ƙi fita fili za a kwashe mata maki. Damben boksin na ƙwararru ba shi da irin wannan hukuma. Manyan ƙungiyoyi huɗu ne ke ba da kambun duniya: WBA da WBC da IBF da WBO. Kowace na da jerin gwanayenta, kowace na karɓar kimanin kashi uku cikin 100 na ladan 'yan damben da suka kara a kan kambunta, kuma kowace na da ikon naɗa wanda ya wajaba zakaranta ya fuskanta.

Idan ƙungiya ta ba da umarnin karawa, takan ba ɓangarorin biyu wa'adi, galibi kwana 30, su daidaita. In sun gaza, sai a fita gwanjo, kusan yadda ake buɗe takardun neman kwangila: masu shirya dambe su miƙa tayinsu a ambulan rufaffe, wanda ya fi tsoka ya karɓi wasan. A Janairun 2022 kamfanin Frank Warren ya ci gwanjon karawar Tyson Fury da Dillian Whyte da dala miliyan 41, inda ya kere tayin dala miliyan 32 na Eddie Hearn. WBC ta yanke rabon 80 da 20, Fury ke da babban kaso. Whyte ya shafe fiye da kwana 1,000 a sahun gaban masu jiran wannan dama, kuma da ta zo Fury ya kwantar da shi a turmi na shida a filin Wembley.

Wanda ke kan layi ma ana iya sayen haƙurinsa. A 1996 an biya Lennox Lewis dala miliyan huɗu don ya kauce wa Mike Tyson hanya ya kara da Bruce Seldon. Ɗan Najeriya Samuel Peter ya ɗanɗani wani nau'in jiran. Sai da ya doke James Toney har sau biyu, a Satumbar 2006 da Janairun 2007, kafin a tabbatar masa da matsayin mai ƙalubalantar zakaran WBC, Oleg Maskaev. Duk da haka sai da ya ƙara wata 14, tsakanin yunƙurin shigar da Vitali Klitschko gabansa da raunin da Maskaev ya samu, kafin ya karɓe kambun a birnin Cancun na Mekziko ranar 8 ga Maris 2008.

Abin da ake ja a kan teburi

Umarnin ƙungiya bai shafi karawar da jama'a suka fi so ba, wato ta zakara da zakara. Wannan sai da yardar kowa, kuma masu ruwa da tsaki suna da yawa: ɗan dambe, manajansa, kamfanin da ke shirya masa wasa, gidan talabijin da ya ƙulla yarjejeniya da shi, da lauyoyin kowannensu.

Batu na farko shi ne rabon kuɗi, kuma ma'auninsa yawan 'yan kallon da mutum ke jawowa, wanda sau da yawa kan rinjayi yawan kambunsa. Na biyu gidan talabijin. Lewis na ƙarƙashin HBO, Tyson na ƙarƙashin Showtime, kuma sai da gidajen biyu suka amince su nuna wasan tare kafin aka yi shi a Memphis a Yunin 2002, lokacin da ƙarfin Tyson ya riga ya ja baya. Na uku wuri da rana. Na huɗu sharaɗin sake karawa: idan zakara ya faɗi, shin yana da haƙƙin ramuwa, kuma a kan wane rabo? Bayan waɗannan akwai ƙananan abubuwa da kan cinye makonni, irin su sunan wa zai zo farko a allon talla, wa zai shigo fili daga baya, irin safar hannu, faɗin dandamali da tsarin gwajin ƙwayoyi.

Duk wanda ba ya son wasan yana da ƙofofin fita biyar ko shida, kuma babu wadda aka rubuta "tsoro" a jikinta.

Joshua da Wilder: abincin da ya huce

A ƙarshen Maris 2018 Anthony Joshua, wanda tsatsonsa ke Sagamu a Jihar Ogun, ya doke Joseph Parker a Cardiff ya haɗa kambun WBA da IBF da WBO. Deontay Wilder na Amurka ke riƙe da na WBC. Babu wanda aka taɓa dokewa a cikinsu. Hearn, mai shirya wa Joshua wasa, ya yi wa Wilder tayin dunƙulallen kuɗi, dala miliyan 12.5, daga baya ya ɗaga zuwa 15, ba tare da kaso daga cinikin wasan ba. Ɓangaren Wilder ya mayar da tayin dala miliyan 50 ga Joshua idan zai je Amurka. Hearn ya nemi ganin kwantiragi da shaidar kuɗin. Ana wannan ja-in-ja WBA ta matsa wa Joshua ya kare kambunta da Alexander Povetkin, aka yi wasan a Satumba, maganar Wilder ta bi ruwa.

Kowane ɓangare ya yi lissafin cewa shekara ɗaya ko biyu za su ƙara wa wasan daraja. Hausawa kuwa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A ranar 1 ga Yunin 2019 Andy Ruiz ya doke Joshua a New York. A Fabrairun 2020 Fury ya karɓe kambun Wilder. Da aka sake shirya haɗa su, bayan sun zama tsofaffin zakaru, sai aka sa kowa ya yi wasan share fage a dare ɗaya a Riyad, ranar 23 ga Disambar 2023. Joshua ya ci nasa, Parker ya doke Wilder, shirin ya sake rushewa.

Ta Joshua da Fury ma kusan haka ta kasance, sai dai ita takarda ce ta kashe ta. An tsayar da 14 ga Agustan 2021 a Saudiyya, kambu huɗu a kan faifai. A watan Mayu wani alƙalin sasanci a Amurka ya yanke hukuncin cewa yarjejeniyar da Fury ya sa wa hannu tun farko ta wajabta masa karawa ta uku da Wilder. Joshua ya juya ga wanda WBO ta ɗora masa, Oleksandr Usyk na Yukren, ya rasa kambunsa duka a Satumba. Babu wanda ya gudu, amma karawar zakarun Birtaniya biyu a kan dukkan kambunan ta kuɓuce.

To, ana gudun ko ba a yi?

Tarihi ya nuna ana yi. John L. Sullivan ya ƙi karawa da Peter Jackson saboda baƙar fata ne, Jack Dempsey bai taɓa ba Harry Wills dama ba, kuma sai da Jack Johnson ya bi Tommy Burns har Ostireliya, aka biya Burns dala 30,000, kafin a yi karawar 1908 da ta samar da baƙar fata na farko a kan kambun. Manajan Floyd Patterson, Cus D'Amato, ya daɗe yana kare yaronsa daga Sonny Liston. Patterson ne da kansa ya dage a yi, kuma a 1962 Liston ya gama da shi a turmin farko. Manajan ya fi ɗan damben ganin abin da ke tafe.

Abin da ake gudu galibi shi ne asara. A ajin masu nauyi naushi ɗaya kan rushe darajar da aka yi shekara goma ana ginawa. Idan abokin karawa mai haɗari zai kawo kuɗi daidai da mai sauƙi, duk manaja mai hankali zai zaɓi mai sauƙin. Bayan Bowe ya yar da kambun WBC, Michael Dokes da Jesse Ferguson ya fuskanta, kuma su biyun ba su kai shi ƙarshen turmi na biyu ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru da kuɗin Saudiyya suka shigo. A Maris 2023 Usyk ya amince da kashi 30 cikin 100 don ya kara da Fury a Wembley, amma tattaunawar ta watse a kan rabon kuɗin ramuwa, magoya baya suka ce Fury tsoro yake ji. Da Turki Alalshikh, shugaban hukumar nishaɗi ta Saudiyya, ya ajiye kuɗin da ya ishi kowa, sai ga su a Riyad ranar 18 ga Mayun 2024. Usyk ya yi nasara, ya zama na farko da ya haɗa dukkan kambunan ajin tun bayan Lewis a 1999. Ko a nan tsarin bai saurara ba: cikin makonni kaɗan ya saki kambun IBF, domin sharaɗin ramuwa da Fury ya hana shi karawa da Daniel Dubois da ke kan layi.

Mai bibiyar labaran dambe na iya gane tayin gaske da na yaudara. Wa'adin sa'o'i da aka sanar a bidiyon intanet, kamar wanda Fury ya ba Joshua a Satumbar 2022 kafin ya koma ga Derek Chisora, yawanci shirin ɗora laifi ne. Cinikin da zai faɗa a ɗaki ake yin sa, kuma alamarsa ita ce an ambaci wanda zai biya, da filin wasa, da rana, da gidan da zai nuna.

Jinkiri kuma ba ya zuwa kyauta. Ba a cika shekara guda da jefa ɗamara a kwandon shara ba, Holyfield ya karɓe sauran kambu biyu daga hannun Bowe a Nuwambar 1993. A Satumbar 1994, ana tsaka da farfaɗo da maganar haɗa su, Oliver McCall ya kwantar da Lewis a turmi na biyu a Landan. Har Bowe da Lewis suka ajiye safar hannu ba su sake shiga dandamali ɗaya ba.