Dodon Koɗi da Iyakar Gona a Ƙasar Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko ta Bichi a tsakiyar rani zai ga ƙasa fayau, an share ta tas. An kwashe kara an yi danga da makamashi, an ɗaure harawa an ɗora a reshen bishiya, abin da ya rage kuma awaki da tumaki sun lashe. Gona na manne da gona iyakar ganin ido, babu saura, babu daji, sai gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka a tsaitsaye. Wannan ƙasa ce Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da ilimin ƙasa a Zariya da Kano, ya yi nazari a kanta tare da abokin aikinsa Wilson, suka fitar da rahotonsu a 1965. Abin da ya burge masana shi ne yadda ake nome gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, albarkacin taki da toka da ake kai mata a mangala a bayan jaki.

Wannan abin alfahari ne, amma akwai waɗanda suka biya kuɗinsa. Kura da gada da barewa sun zama labarin kaka da kakanni a yawancin ƙauyukan Minjibir, Makoɗa da Dawakin Tofa. Waɗanda suka jure zama da mu ƙanana ne: bushiya, damo, kwaɗo, kurege, fakara da tsuntsayen gona. Su ma rayuwarsu ta rataya ne a kan wasu halittun da suka fi su ƙanƙanta, waɗanda ba mai ɗaga kai ya dube su. Dodon koɗi na cikinsu.

Mutum zai iya tambaya, a ƙasar da ake ruwa wata huɗu ko biyar kacal, ina dodon koɗi yake shiga sauran shekara? Ba ya zuwa ko'ina. Da iskar hunturu ta kaɗa, sai ya nemi gindin ciyawa ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ya nutsa cikin ƙasa kaɗan, ya janye jikinsa cikin koɗinsa, ya toshe bakin da majinarsa, ta bushe ta zama murfi. Haka zai kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, har ruwan farko ya jiƙa murfin. Shi ya sa da sassafe bayan ruwan shuka ake ganinsa yana jan ciki a gindin shinge, ya miƙo ƙahoninsa, ya bar sawu mai ƙyalli a kan danshi. Ko an taɓa shi da tsinke, ƙahonin kawai zai lanƙwashe ya shige ɗakinsa. Mafi yawan abincinsa mataccen ganye ne da gansakuka, yana gogar su da wani harshe mai dubban ƙananan haƙora, kashinsa kuma ya koma ƙasa ya zama taki.

Amfaninsa mafi girma yana cikin koɗin nan da yara ke fafewa su yi wasan katantanwa da shi. Sinadarin da ya gina koɗin, wato kalsiyam, shi ne ya gina ɓawon ƙwai. Tsuntsuwa ba ta iya tara wannan sinadari da yawa a jikinta, tsaba da ƙwari kuma ba sa ba ta isasshe, don haka idan lokacin saka ya zo sai ta shiga neman fasassun koɗi tana haɗiya. A 1994 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jaap Graveland, da abokansa sun wallafa abin da suka gani a dazukan ƙasarsu: inda ƙasa ta yi tsami dodon koɗi ya ragu, wasu ƙananan tsuntsaye sun koma saka ƙwai mai ɓawo sirit, wanda ke fashewa ko ya bushe kafin ƙyanƙyasa. Duk matar da ke kiwon kaji ta san irin wannan, ranar da kazarta ta saka ƙwai mai laushi kamar leda. Ita kaza tana da uwar ɗaki da za ta nemo mata magani. Tsuntsun gona ba shi da kowa sai abin da ya tsinta a gindin ciyawa.

Damo, sarkin haƙuri, shi ma abokin cinikin dodon koɗi ne. Idan ya girma haƙoransa na ciki dakusassu ne, masu faɗi, sun dace da murƙushe koɗi. Bushiya na fita da dare ta ci shi, ta haɗa da tsutsa da fara da sauran ƙwari. A nan ne manomi ya kamata ya kasa kunne, domin waɗannan masu cin dodon koɗi su ne dai masu rage masa ƙwarin da ke ɓarnar gero da wake. Ma'aikata ne da ba sa karɓar lada, abinci da makwanci kawai suke nema.

Makwancin ne muke hana su. A da iyakar gona ba layi ba ce kawai, jeri ne na gamba ko tinya ko bini-da-zugu, mai kauri, da ganye jibge a gindinsa. Yanzu gado ya raba gonaki sun tsuke, kowa na ganin ƙwarya ɗaya ta gero da zai ƙara in ya nome har bakin iyaka. Inda gamba ta tsira, wutar sassabe na bi ta kanta kafin damina, daidai lokacin da dodon koɗi ke kwance a ƙasa ba ya iya gudu. Sai kuma maganin ciyawa, wanda ya zama ruwan dare: matashi ya goya tankin feshi, ya bi gona da iyaka da bakin hanya, ya bar su ƙurmus. Ban ce a daina feshi ba. Wanda ya san tsadar ƙwadago a yau ba zai faɗi haka da sauƙi ba. Amma me iyakar gona ta yi da za a fesa ta?

Gyaran ba ya bukatar kuɗi. A bar taku ɗaya ko biyu a iyaka ba noma, ba wuta, ba feshi. In an yanki gamba don zana, a bar gindinta da ɗan tsawo. Ganyen da ya zuba a ƙarƙashin tsamiya ko mangwaro a tattara shi a gindin shinge maimakon a cinna masa ashana. Mai lambu ko mai ɗan fili a bayan gida ya kife fasasshiyar tukunya a inuwa, kusa da inda ruwan randa ke ɗiga, ya riƙa zuba ɓawon ƙwai da ɗan tokar murhu a ƙasar wurin. Ƙasarmu ta jigawa ba ta da wadatar kalsiyam, toka da ɓawon ƙwai na ƙara mata. Ba sai an je an kamo dodon koɗi ba, in wuri ya yi masa zai zo da kansa.

Na san abin da manomi zai ce: ciyawa gidan maciji ce da ɓera. Gaskiya ne, kuma kububuwa ba abar wasa ba ce. Saboda haka a nisanta wannan shinge daga ɗakin kwana da rumbu da wurin wasan yara, a kuma sa takalmi in za a shiga. Masu lambun salak da kabeji su ma suna da hujja, don dodon koɗi na cin ɗanyen tsiro in ya samu. Maganinsa tsinta da asuba a watsa wa kaji da agwagi, sannan a wanke ganye sosai kafin a ci.

Akwai kuma wani rarrabewa da dole a yi shi, don kada gyara ya zama ɓarna. Duk abin da aka faɗa a sama a kan dodon koɗi na tudu ne. Na cikin ruwa, ƙanana masu siririn koɗi da ke maƙale a ciyawar kududdufi da magudanan noman rani, labarinsu daban ne, domin wasunsu ne ke rainon tsutsar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin dodon koɗi ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai ban-ruwa. Wani nau'insu kuma ke ɗaukar tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki. Madatsun ruwa irin Tomas da Watari da Gari da Jakara sun kawo arzikin noman rani, amma ruwan da ke kwance shekara zagaye gida ne ga waɗannan dodon koɗin na ruwa. Babu mai hankalin da zai ce a ƙara su. Sai dai ko a nan darasin ɗaya ne: da aka gama madatsar Diyama a bakin kogin Sanagal a 1986, ta tare hanyar wani jatan lande mai cin dodon koɗin ruwa, ba a daɗe ba tsargiya ta ɓarke a yankin.

Haka kuma kada kwaɗayi ya sa wani ya sako manyan dodon koɗin nan na kiwo a lambun fadama. Wani nau'i na Gabashin Afirka ya zama annoba a ƙasashe da dama. A 1966 wani yaro ya kai guda uku jihar Fulorida ta Amurka, aka sake su a lambu, sai da hukuma ta shafe kusan shekara goma da kimanin dala miliyan ɗaya kafin ta ga bayansu. Namu na gida, wanda ya saba da raninmu kuma yake da masu cinsa, shi ake nufi.

Wanda ke ganin barin taku biyu ba zai canja komai ba ya leƙa Maraɗi. Tun daga 1983 manoman can suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta bishiyoyi sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ba gwamnati ce ta dasa su ba, kowa gonarsa ya kula. Iyaka kuwa ta mutum biyu ce, don haka kafin sassaben bana, manomi ya sami maƙwabcinsa su yi magana, malaman gona da masu unguwanni kuma su taya da jan hankali: a ɗauke wuta da feshi daga iyakar gona.