Guzuri da Ijaza: Nasiha ga Mai Niyyar Tura Ɗansa Karatu Ƙasar Waje

Ga wata magana da ta kamata mu tsaya a kanta. Duk wanda ya zauna a rumfunan kasuwar Mafara ran Talata zai ji ana zancen wane ya tura ɗansa Masar, wane kuma yana shirin sayar da shanu ko shinkafar da ya noma a Bakolori domin nasa ya tafi Indiya ya koyo likitanci. Niyya ce kyakkyawa, amma tana son lissafi.

Fita neman ilmi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar nan. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya kai Makka da Masar, ya komo da ijazar manyan malamai. Shehu Abubakar Gumi kuwa ya je Bakht er-Ruda a ƙasar Sudan cikin 1954. Da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, 'ya'yanmu suka sami wata ƙofa bayan ta Azhar. To, magabatan nan ba su kama hanya sai sun tanadi guzurin da zai kai su ya komo da su, kuma sun san wurin wa za su karɓi ijaza. Waɗannan biyu su ne ma'auni har yau.

Mu fara da guzuri. Makarantun waje galibi da dala suke karɓar kuɗinsu, alhali uban yaro da naira yake ciniki. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Da aka saki naira ga kasuwa a watan Yuni na shekarar, sai ta yi ta faɗuwa, har dala ta haura naira 1,500 cikin 2024. Alal misali, wanda ake bi dala 3,000 a shekara, a da naira 1,380,000 ta ishe shi, sai ga shi yana neman naira 4,500,000, ban da abinci da gidan haya da kuɗin jirgi. Falke ya san ba a ɗaura wa jaki kaya sai an lissafa zango. Saboda haka a ƙidaya shekarun karatun duka, huɗu ne ko shida, kāna a ajiye rara domin ranar tsanani.

Kada kuma a jingina ga alkawarin hukuma kaɗai. A 2019, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, jihar Zamfara ta tura ɗalibai ƙasashen waje, ciki har da Sudan da Indiya da Kubrus. Daga baya jaridu suka ba da labarin ƙuncin da na Arewacin Kubrus suka shiga saboda bashin kuɗin makaranta. Na Sudan kuma yaƙi ya ci su ran 15 ga Afrilu, 2023, aka kwaso ɗaliban Nijeriya a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, karatu ya tsaya. Uba ya tambayi kansa tun da wuri: in tallafi ya yanke ko fitina ta tashi, da me ɗana zai komo gida?

Sai ijaza. Malamanmu sun san karatun da ba shi da isnadi ba a dogara da shi. Takardar shaidar boko ma haka take. Wanda ya gama a waje sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarsa kafin ya yi bautar ƙasa, likita kuwa sai ya ci jarrabawar hukumar likitocin Nijeriya kafin ya taɓa majiyyaci. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Masu gaskiya da yawa sun sha wuya tare da masu ha'inci. Don haka kafin a ba dillali ko sisi, a nemi sunan makarantar, a tabbata ƙasarta ta yarda da ita kuma Abuja na karɓar takardarta, a kuma ji ta bakin wanda ya gama can ya komo ya sami aiki.

In guzuri bai kai ba, babu kunya yaro ya fara a gida. Ga Kwalejin Abdu Gusau a Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ya yi fice, karatu mai zurfi a waje zai zo masa da sauƙi, shekarunsa kaɗan, kuɗinsa kuma bai kai na farko ba. Wanda ya tabbata guzurinsa ya cika, makarantarsa kuma ingantacciya ce, to ya sa wa ɗansa albarka ya tafi.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo mana da su da ilmi mai amfani. Wassalam.