Maɓallin Kashe Injin Babur da Haɗarin Haɗa Shi Ba Bisa Ƙa'ida Ba

A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji na jihar Maradi, babur ne ke haɗa ƙauye da kasuwa, shi ke ɗaukar buhun gero da na aya, kuma sau da yawa shi ke kai mai naƙuda asibiti, amma ko a cikin 'yan kabu-kabu da ke yini a kansa, kaɗan ne suka damu da jan maɓallin da ake sakawa kusa da totur, a hannun dama. Aikin maɓallin shi ne ya ɗauke wutar fulogi, wanda a Nijar aka fi sani da buji, ba tare da mahayi ya saki kan babur ya tsaya laluben makulli ba. Buƙatarsa ta fi yawa a wannan yanki, domin da zarar an bar kwaltar hanyar ƙasa mai lamba 1 sai yashi, yashi kuwa idan ya shiga kafireto ko kuben wayar totur yakan sa totur ya maƙale, inji ya yi ta ruri alhali mai shi ya sassauta hannu. Haka kuma idan babur ya faɗi da giya a ciki, tayar baya kan ci gaba da juyawa, sarƙa na iya kama zane ko ƙafa, balle a ce an ɗauro jarkokin fetur.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne cewa babura ba iri ɗaya suke ba wajen samar da wuta. A cikin kowannensu akwai ɗan akwati da makanikai ke kira CDI, wanda ke tara wuta sannan ya sake ta zuwa koyil, shi kuma koyil ya ninka ta ta kai dubban bolt kafin ta isa fulogi. Wasu akwatunan daga maganaɗisun da ke juyawa cikin inji suke samun wutarsu, shi ya sa irin wannan babur yake tashi da kiki ko da batir ya mutu, kuma ana kashe shi ne ta hanyar karkatar da wutar zuwa jikin ƙarfen babur, abin da ake kira mas. A babura da dama masu bin tsarin Honda, wayar kashewar baƙa ce mai farin layi, ta mas kuwa koriya, ko da yake launi ba abin dogaro ba ne a babur ɗin da ya sha gyara. Ƙananan injunan da ake ɗaura wa keke su ma wannan tsari suke bi. Wasu akwatunan kuma daga batir mai bolt 12 suke sha, don haka kashe su yanke hanyar wutar ne kawai.

A nan ɓarnar take aukuwa, domin bakaniken da ya ɗauki dabarar nau'in farko ya yi amfani da ita a na biyu, wayar batir ya haɗa da jikin ƙarfe kai tsaye. Idan an yi sa'a fis ne zai ƙone, idan kuwa an riga an maye gurbin fis ɗin da guntuwar waya, kamar yadda ake yawan yi, to wayoyin za su narke a ƙarƙashin tankin mai. Kusan haka haɗarin yake ga wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, saboda jijjigar hanya tana kwance ta, ruwan damina yana shigarta, sai inji ya ɗauke da kansa, wataƙila a daidai lokacin da mahayi ya fito zai wuce tirela tsakanin Agye da Gazawa. Aikin ƙwarai shi ne a cire kan batir tukuna, a gwada waya da mita, a yi wa mahaɗa dalma a rufe ta ruf, a nisanta ta da salansa da robar fetur, sannan a tayar da inji a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga ko zai mutu.

Akwai kuma ɓoyayyen maɓalli da wasu ke sakawa don tsoron ɓarayi, abin da ba zai ba da mamaki ba a gundumar Gidan Runji, wadda tun shekarar 2019 take karɓar 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a Cadakori. Ɓarawon da ya san sana'arsa wayar kashewa yake cirewa daga bayan makulli ya buga kiki, saboda haka ɓoyayyen maɓallin ba shi da amfani sai an haɗa shi can kusa da CDI. Ko da hakan, maganin mai sata a ɓoye ne a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, ba ya kuma maye gurbin maɓallin hannu, tunda abin da ke ƙarƙashin kujera ba a kai masa hannu a cikin gudu. Wanda 'yan bindiga suka tare kuwa, ya bar musu babur ɗin, idan suka tambayi inda maɓallin yake ya nuna musu.

Duk mai babur ya danna jan maɓallin nan kowace safiya kafin ya ɗauki kowa, idan inji bai mutu nan take ba, ya fara biyawa ta wurin bakanike.